ZAMAN BAƘUNCI A GARWA: GARI YA SAN KA, TAKARDA BA TA SAN KA BA

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, wato da rana ta ɗaga sai ya kama gabansa. To, amma a nan Garwa da sauran garuruwan arewacin Kamaru akwai baƙin da suka share shekara ashirin, wasu talatin, wasu ma arba'in, ba su tafi ba, kuma babu alamar za su tafi. Sun taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ko Mubi da Yola, wasu daga Maraɗi da Damagaram, da niyyar su ci rani ɗaya su tara abin aure su koma gida. Sai kasuwa ta karɓe su, rani ya zama damina, damina ta zama shekara. Yau suna da rumfa a babbar kasuwa, suna da mata da 'ya'ya har da jikoki, kuma ba a ɗaura aure ko a yi jana'iza a unguwa ba tare da su ba.

A masallaci ba ka iya bambanta irin wannan mutum da Bahaushe ɗan ƙasa wanda kakanninsa suka zo tun zamanin Jamus. Riga iri ɗaya, hula iri ɗaya, harshe ɗaya. Bambancin ba ya fitowa sai ranar da mota ta tsaya a shingen jandarmomi a hanyar Pitowa ko Gider, aka ce kowa ya fito da takardarsa. A nan ne ɗaya zai miƙa katinsa ya ci gaba da hira, ɗayan kuwa gabansa ya faɗi. A wannan fitowa mun duba zaman waɗannan 'yan uwa namu, da abin da doka ta ce a kansu, da kuma inda ƙafa ta fi zamewa.

TUN KAFIN A JA IYAKA

Zuwan Hausawa ƙasar nan ya girmi iyakar da ta raba Kamaru da Nijeriya. Tun da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a farkon ƙarni na 19, ƙasar Fombina ta buɗe wa fatake. Suka riƙa shigowa da tufafi da kayan ado, suna fita da hauren giwa da goro, suna yada zango a Garwa da Ngawundere da Tibati da Banyo. Malamai da mahauta da wanzamai da marina suka biyo bayansu. Sunayen unguwanni irin su Hausare da Yelwa a nan Garwa shaida ce ta wannan tsohon zama.

A wancan zamani Garwa na bin Yola ne. Turawa suka raba su: a 1901 Ingilishi suka ci Yola, Jamusawa suka kama Garwa. A 1915 Ingilishi da Faransawa suka ƙwace garin daga hannun Jamus, daga baya ya zauna a rabon Faransa. Sai kuma ƙuri'ar raba gardama ta ran 11 ga Fabrairu 1961, wadda ta sa yankin su Mubi da Ganye ya shiga Nijeriya. Ta haka aka wayi gari wa ɗan Nijeriya ne, ƙane ɗan Kamaru, alhali kuwa babu wanda ya motsa daga inda uwarsa ta haife shi.

Bayan samun mulkin kai wasu sababbin baƙi suka zo. Tashar jiragen ruwa ta kogin Binuwai ta jawo 'yan dako da dillalai a lokacin da take tashe. Jirgin ƙasa ya iso Ngawundere a 1974, a shekarar ce kuma aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON. Da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982 masunta suka yi ta kwararowa daga ƙasashe maƙwabta. Waɗannan na baya-bayan nan da 'ya'yansu su ne akasarin waɗanda doka take kira baƙi a yau.

KATIN ZAMA

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa tun da an shigo ba tare da biza ba, to, an sami izinin zama ke nan. Gaskiya ne akwai yarjejeniya tsakanin Kamaru da Nijeriya tun 1963 wadda ta sa ɗan Nijeriya yake shigowa ba biza, amma na ziyara ne, iyakarsa wata uku. Kuma a tuna Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Tana cikin ta tsakiyar Afirka ne, wato CEMAC, tare da Cadi da Afirka ta Tsakiya da Gabon da Kongo da Ikwatoriyal Gini. Saboda haka sauƙin da mutum ya saba samu in ya je Kwatano ko Akara ba lalle ne ya same shi a nan ba.

Dokar da ke kula da shigowar baƙi da zamansu ita ce ta ran 10 ga Janairu 1997, wadda aka yi wa gyara a 2022. Ta ce duk baƙon da ya haura shekara 18 kuma zai zauna, to, ya nemi katin zama cikin wata uku da shigowarsa. Shi ne wanda mutane ke kira kar-da-sejur. Yana aiki shekara biyu, sa'an nan a sabunta. Wanda ya yi shekara shida a jere yana zaune bisa ƙa'ida yana iya neman babban kati na mazaunin ƙasa, mai shekara goma. Hukumar 'yan sanda ta ƙasa ce ke bayarwa, ta ofishinta na shige da fice. Daga cikin abin da akan nema akwai fasfo mai rai, da takardar shaidar inda mutum yake zaune, da takardar da ke nuna ba shi da tabon laifi, da shaidar biyan haraji, da kuɗin kan sarki.

Kuɗin nan shi ne ƙashin wuya. Ga ɗan Afirka ya haura sefa 100,000, kuma kowane baligi da nasa katin. Mai gida da mata biyu kati uku ke nan, duk bayan shekara biyu. Babban ɗan kasuwa ba zai ji a jikinsa ba, amma ga mai shayi ko mai gyaran takalmi ko mai tallar turare, wannan jarinsa ne kacokan. Shi ya sa da yawa suka zaɓi su riƙa sallamar kowane shinge da ɗari biyar ko dubu. In mutum ya zauna ya lissafa abin da yake zubarwa a hanya cikin shekara biyu, sau da yawa zai tarar ya biya kuɗin katin har da ɗoriya, kuma bai sayi komai ba sai kwanciyar hankalin rana ɗaya. Dokar kuwa ta tanadi ɗaurin wata uku zuwa shekara biyu, ko tarar sefa 200,000 zuwa miliyan biyu, ko duka biyun, ga wanda ya zauna ba izini, ban da kora.

Wata wahalar kuma ita ce fasfon kansa. Ofishin jakadancin Nijeriya yana Yawunde, ƙananan ofisoshinta suna Duwala da Buya, duk a kudu. Mutumin Garwa sai ya yi kusan kilomita 280 a mota zuwa Ngawundere, ya kwana a jirgin ƙasa kafin ya kai Yawunde. Don haka da yawa sun fi ganin sauƙin su tsallaka Yola. Ko ta ina za a bi, abin lura dai shi ne kada a bari fasfo ya mutu kafin ranar sabunta kati, domin ɗaya na rataye da ɗaya.

YARON DA AKA HAIFA A NAN, ƊAN INA NE?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Haihuwa a Kamaru ita kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa. Dokar ran 11 ga Yuni 1968 ta fi duba jini. Amma ta bar ƙofofi a buɗe waɗanda mutanenmu da yawa ba su san da su ba.

Ta farko, yaron da uwarsa ko ubansa ɗan Kamaru ne yana da haƙƙin zama ɗan ƙasa. Ta biyu, yaron da aka haifa a Kamaru, kuma ɗaya daga cikin iyayensa ma a nan aka haife shi, ɗan ƙasa ne ko da kakanninsa baƙi ne. Ta uku, yaron da aka haifa a nan ga iyaye baƙi yana iya zuwa ya bayyana cewa yana son zama ɗan Kamaru, muddin ya yi aƙalla shekara biyar yana zaune a ƙasar, amma sai cikin wata shida na ƙarshe kafin ya cika shekara 21. Wannan ƙofa ƙarama ce, kuma in ta rufe ta rufe. Daga nan sai doguwar hanyar roƙon zama ɗan ƙasa, wadda sai an sa hannu a kan dokar musamman daga sama.

Duk ƙofofin nan mabuɗinsu ɗaya ne, wato takardar haihuwa. Mu kuwa mun saba a haihu a gida, a yanka rago ran suna, a raba goro, shi ke nan. Doka ta ba da kwana 90 a kai rahoton haihuwa ga ofishin magajin gari ko cibiyar rajista ta kusa. Wanda ya yi sakaci lokaci ya ƙure masa, ƙarshenta sai ya dangana da kotu, da shaidu, da takardar likita mai ƙiyasta shekaru, da kuɗi. Yawancin iyaye ba sa farga sai yaro ya kai ajin ƙarshe na firamare, malami ya ce ba za a rubuta sunansa a jarrabawa ba sai da takarda. Yara nawa karatunsu ya tsaya a wannan gaɓa a arewacin ƙasar nan? Kowace unguwa ta san nata.

Abin da ya fi wannan muni shi ne saurayin da ya tashi ba shi da takardar ko'ina. A nan ana ce masa ɗan Nijeriya, in ya je garin ubansa a ce masa ɗan Kamaru, don Hausarsa ta gauraya da Fulatanci da Faransanci. Ba zai yi rajistar layin waya da sunansa ba, ba zai buɗe ajiya a banki ba, ba zai sami fasfon zuwa Makka ba. Kuma a sani, Nijeriya ta yarda ɗanta na haihuwa ya riƙe ƙasa biyu, amma dokar Kamaru ba ta yarda wa baligi ba. Ke nan dole gida ya zauna ya yanke shawara tun yara na ƙanana, kada a bar abin ga sa'a.

KATIN BAYAN FAGE

Akwai waɗanda suka ga hanya mafi sauƙi ita ce su sayi takardar haihuwa ta ƙarya, su canza sunan uba da garin haihuwa, su karɓi katin ɗan ƙasa. Da can, lokacin da komai yake cikin littafi da alƙalami, wasu sun sha da haka. Yanzu da ake ɗaukar hoton yatsu ana adanawa a kwamfuta, ramin ƙarya ya ƙara ƙurewa. In na'ura ta ga yatsa ɗaya da suna biyu ko ranar haihuwa biyu, sai ta riƙe katin, mutum ya yi ta yawo da rasit shekara da shekaru. In kuma abin ya kai ga bincike, laifin jabu ne, kuma yakan shafi 'ya'yan da aka yi wa takardu da wannan sunan.

Ɓarnar ba ta tsaya kan mai laifin ba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Bahaushe ɗan ƙasa, wanda kakan kakansa ke kwance a maƙabartar garin nan, yakan je neman kati a dube shi a ce ya kawo hujjar cewa shi ba baƙo ba ne, don kawai sunansa da harshensa. Maganin wannan shi ne kowane gida na 'yan ƙasa ya adana takardun iyaye da kakanni, ko sun tsufa sun yage, ya kuma nemi takardar shaidar zama ɗan ƙasa daga kotu tun kafin bukata ta taso.

TSAKANIN NAIRA DA SEFA

Baƙon da ya daɗe yana rayuwa ne da aljihu biyu. Yana samu da sefa, yana aikawa gida da naira, kuma duk abin da gwamnatocin biyu suka yi wa kuɗinsu a kansa yake ƙarewa. Dattawa na tuna 1980, lokacin da naira ɗaya ta fi sefa 300 a farashin gwamnati. Suna tuna Afrilun 1984, da gwamnatin Janar Buhari ta canza launin kuɗi ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai 1986. Suna tuna Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya. Matasa kuma sun ga nasu: rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, wanda ya bar masu ajiya a gida cikin zullumi. A 2023 aka cire tallafin man fetur aka kuma saki naira, sai farashin zuwa-zuwa da ake sayarwa a kwalabe bakin titi ya yi tsalle, 'yan acaɓa da fasinjojinsu suka ji a jika. A 2024 sefa 1,000 ta haura naira 2,000.

Darasin da ke ciki shi ne kada mutum ya tara dukiyarsa duka a kuɗi iri ɗaya, kuma kada ya binne ta a ɗaka. 'Yan Nijar su ma su tuna cewa ko da yake sefar nan da ta can darajarsu ɗaya, takardun ba ɗaya ba ne. Wadda bankin tsakiyar Afirka ya buga ba ta saye a kasuwar Maraɗi sai an bi ta hannun 'yan canji, su kuma sai sun cire nasu.

FILI, AURE DA GADO

Mutum zai yi shekara talatin cikin gidan da ya gina da guminsa, hujjarsa kawai takardar ciniki da lawan ko jauro ya sa wa hannu. Wannan takarda tana da amfani wajen shaida, amma tun dokar ƙasa ta ran 6 ga Yuli 1974, abin da hukuma ta sani a matsayin hujjar mallaka shi ne babbar takardar fili ta gwamnati, wadda ake kira titir fonsiye. Baƙo yana iya sayen fili, amma sai ministan da ke kula da filaye ya amince da cinikin, kuma an hana shi saye a yankunan bakin iyaka. Wasu don gudun wannan dogon zance sukan rubuta gidan da sunan aboki ɗan ƙasa. Muddin su biyun na raye amana na nan. Ranar da ɗaya ya faɗi, magada ba su san wata amana ba sai abin da takarda ta ce.

Haka zancen aure. Auren da aka ɗaura a masallaci da waliyyi da shaidu da sadaki ya ɗauru a wurin Allah, babu mai ja. Amma hukuma ba ta san shi ba sai an rubuta shi a ofishin magajin gari, inda za a tambayi miji ko na mace ɗaya ne ko na fiye da ɗaya, a rubuta a takardar. Ranar rabon gado ake gane muhimmancin wannan, musamman ga mai iyali biyu, ɗaya a Garwa ɗaya a gida. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da hukuncin kotu mai nuna su wane ne magada. Sau nawa 'yan uwan mamaci suka zo daga gida suka sayar da rumfa da kaya suka tafi, suka bar matar nan da marayu ba ko sisi? Rubuta wasiyya da bayyana dukiya gaban shaidu abu ne da addini ma ya kwaɗaitar, ba kiran mutuwa ba ne.

ZAMA DA MASU GARI

An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. A Garwa wutsiyar ita ce Fulatanci. Hausa za ta kai ka masallaci da layin mahauta, amma cinikin kasuwar Pitowa ta ran Lahadi, ko ta shanu a Adumri, ko gaisuwa a fadar Lamiɗo, da Fulatanci ake yi. Ofis kuma da asibiti da kotu sai Faransanci. Wanda ya ƙi koyo zai dawwama a hannun tafinta da 'yan kamasho, yana dangwala yatsa a kan abin da bai san me ya ƙunsa ba. In uba ya tsufa da koyo, to, ya sa 'ya'yansa maza da mata makaranta. Akwai ta Faransanci, akwai mai harshe biyu ga wanda ke tunanin yaro zai ƙarasa karatu a Nijeriya, akwai kuma ta Faransanci da Larabci ga mai gudun kada addini ya yi rauni. Jami'a ma ta zo har gida, domin an kafa ta Garwa a 2022, bayan ta Ngawundere da ta Marwa.

Baƙo ya kuma sani cewa in manya suka saɓa, shi ne na farko da ake dubawa. An gani a shekarun rikicin Bakasi, tun daga kai ƙara kotun duniya a 1994 har zuwa hukuncin 2002 da miƙa yankin a 2008. An sake gani da rikicin Boko Haram, wanda ya sa aka buɗe sansanin Minawawo kusa da Mokolo a 2013, aka tsananta bincike a hanyoyi, aka mayar da dubban mutane Nijeriya. A irin wannan lokaci mai takarda yana barci, marar takarda yana jin motsin kowace mota. Nijeriya ma ta kori baƙi marasa takarda a 1983, har da 'yan Kamaru, don haka abin ba halin ƙasa ɗaya ba ne.

Duk da haka, wanda ya ga filin wasa na Rumde Ajiya a Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka, ya san zumuncin da ke tsakanin mutanen nan ya fi ƙarfin iyaka. 'Yan wasan Nijeriya sun yi wasanninsu huɗu a nan Garwa, suka ci Masar da Sudan da Gini Bisau kafin Tunisiya ta fitar da su, kuma garin ya mara musu baya kamar a Kano ake wasan.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Sauƙaƙa kuɗin kati da kawo ofishin jakadanci kusa aikin gwamnatoci ne, kuma ya kamata shugabannin al'umma su ci gaba da roƙo. Amma akwai abin da ba sai an jira kowa ba. Limamin da aka kira raɗin suna ya tambayi uban jariri ko an kai rahoton haihuwa, kamar yadda yake tambayar sunan da za a sa. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, da suke haɗa kuɗi in an yi rasuwa ko gobara, su buɗe adashin katin zama, kowane wata a fitar da mutum ɗaya ko biyu. Sarakunan Hausawa da masu unguwanni su san samarin da ke dab da cika shekara 21, su tuna wa iyayensu. 'Ya'yanmu da suka yi karatu kuma su ware rana ɗaya a wata su karanta wa dattawa takardunsu kyauta. Mai gida kuma ya sami jaka ɗaya ya tara takardun iyalinsa duka, ya yi musu hoto ya ajiye a wani wuri dabam, ya kuma nuna wa uwargida inda suke.

Allah ya ba mu zama lafiya da masu masaukinmu, ya albarkaci nemanmu, ya kuma sa 'ya'yanmu su gaji abin da ba za a ƙwace musu ba, amin.